Yadda ake farfaɗo da tsohon rediyon soja samfurin R-390A

Idan tsohon rediyon soja ya faɗo hannunka, abu na farko da zuciya za ta raya maka shi ne ka soka shi a wuta ka ji ko yana magana. Kada ka kuskura. Rediyon da ya yi shekara talatin ko arba'in a ajiye yana iya zama lafiyayye, amma minti ɗaya a kan wuta ya ishe shi ya ƙone abin da ba za ka sake samun irinsa a kasuwa ba. Wannan ya shafi kowane rediyo mai bawul, wato 'yan kwalaben gilashi masu zare da ke ƙara ƙarfin sigina kafin zamanin taransisto, amma a nan zan tsaya a kan guda ɗaya, R-390A, domin wanda ya iya shi, sauran ba za su gagare shi ba.

Kamfanin Collins da ke Cedar Rapids a jihar Iowa ta Amurka ne ya tsara shi, ya fara fitowa a tsakiyar shekarun 1950 a matsayin sauƙaƙƙen ƙanen R-390. Daga baya rundunar sojan Amurka ta riƙa ba wasu kamfanoni kwangilar ƙera shi, irin su Motorola da Stewart-Warner da Capehart da EAC, har aka yi sama da guda dubu 50. Yana kama tasha daga kilohaz 500 zuwa megahaz 32, wato daga matsakaicin zango har ƙarshen gajeren zango. Bawul 26 ne a cikinsa, nauyinsa kusan kilo 39. Ba shi da allura mai yawo a kan gilashi irin ta rediyon gida. Lambobi ne ke juyawa a ɗan taga kamar na mitar tafiyar mota, bayansu kuma tarin giya ne da ke ɗaga wasu sanduna suna sauke wasu. Rabinsa lantarki ne, rabinsa kanikanci, don haka gyaransa ma kashi biyu ne.

Abin da za ka tanada

Littafin gyaransa kafin komai. Na sojan ƙasa lambarsa TM 11-5820-358-35, ana samunsa kyauta a intanet, kuma duk lambobin kayan da zan ambata a ƙasa daga zanensa suke. Sai mitar awon wuta mai kyau, ayan ɗin like da dalma, sukudireba, buroshin haƙori, sifirit, kananzir, tsumma mai tsabta da wayarka don ɗaukar hoto. Akwai wani ɗan makulli da ba makawa sai da shi, ana kiransa Bristol, lamba 8. Duk maɓallan gaba da ƙullunan giya da shi ake kwance su. Ya yi kama da alanki amma haƙoransa daban suke, kuma in ka tura alanki a ramin za ka cinye shi, shi ke nan ka jawo wa kanka aikin kwana da kwanaki.

Ka nemi mai taya ka ɗauka. Kilo 39 ba abin nuna ƙarfi ba ne.

Mataki na farko: duba da ido kawai

Cire murfin sama da na ƙasa idan suna nan, ka ɗauki hoto ta kowace kusurwa kafin ka taɓa ko waya ɗaya. Ka sunkuya ka shinshina taransifomar wuta. Warin ƙuna ko baƙin kwalta da ya tsiyayo alama ce marar kyau. Ka duba ko ɓera ya yi gida, ko an yanke wayoyi, ko akwai ramin bawul da babu kowa a ciki.

Sannan ka dubi mitoci biyun da ke fuska, CARRIER LEVEL da LINE LEVEL. Na asali an shafa wa lambobinsu da allurarsu fenti mai sinadarin radiyam don su yi haske cikin duhu. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma radiyam ɗin yana nan daram, domin sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Muddin gilashin bai fashe ba, a bar su yadda suke. Kada a buɗe su, kada a hura su, kada a kankare fentin. Haɗarin yana cikin ƙurar da za ta shiga huhu. Wannan ne dalilin da ya sa da yawa daga cikin waɗanda soja suka yi gwanjonsu suka fito da ramuka biyu a fuska, an riga an cire mitocin.

Juya bayansa. Akwai jerin sukurori masu rubutu, kuma wasu an haɗa su bibbiyu da ɗan guntun ƙarfe: DIODE LOAD, da na AGC, da na RF GAIN. In ɗaya ya ɓace, rediyon zai yi tsit ko ya riƙa shirme alhali lafiyarsa ƙalau. An sha wahala a banza a kan wannan.

Mataki na biyu: wuta, tun kafin a ba shi wutar

R-390A yana aiki da bolt 115 ko 230, gwargwadon yadda aka haɗa wayoyi a sashen wutarsa. Wanda ya fito daga Amurka kusan kullum a 115 yake, mu kuwa wutarmu 230 ce. Ka buɗe ka gani da idonka, ka gwada da zanen littafi, kada ka yarda da maganar wanda ya sayar maka. In ka mayar da shi 230, fis ɗin ma sai an canza shi zuwa rabin ƙarfin na da. Ka zaro kowane fis ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa, don ba mamaki wani ya taɓa naɗa masa waya.

Tsohuwar igiyar wuta a jefar, a sa mai waya uku. A nan akwai abin da ya kamata mutanenmu su ji da kyau. A mashigar wutar rediyon akwai matata mai kafasita da ke zubar da 'yar wuta zuwa jikin ƙarfen. Idan babu wayar ƙasa, jikin yakan ɗauki kusan rabin ƙarfin wutar gida, ka taɓa ya fizge ka. Soket da yawa a gidajenmu ramin ukun ado ne kawai, babu abin da aka haɗa masa. Ka auna. In babu, ka kafa rodin tagulla a wuri mai danshi ka ja waya mai kauri zuwa jikin rediyon.

Mataki na uku: kafasitocin da ke kisa

An gina rediyon nan sashe-sashe: na wuta, na sauti, na IF mai tace tasha da ƙara mata ƙarfi, na RF mai karɓar sigina daga eriya wanda ke ɗauke da giya, na kiristal, da kuma PTO, gwangwanin da ke bin murɗin tasha. Sukurorin da ke riƙe da kowane sashe an shafa wa kawunansu koren fenti, saboda soja ya gane waɗanda zai kwance ba tare da dogon tunani ba. Ka bi kore, ka bar saura.

Fara da sashen IF. A cikinsa akwai matatu huɗu na Collins, masu faɗin kilohaz 2, 4, 8 da 16, su ne ke tace tashar da kake so daga maƙwabtanta. Kowace matata jerin ƙananan faya-fayan ƙarfe ce da ke karkarwa a kilohaz 455, da koyil mai waya siririya kamar gashi a kowane baki. Tsakanin bawul na farko na sashen da waɗannan matatu akwai kafasita guda, C553, mai 0.01 maikrofarad. Aikinsa ya bar sigina ta wuce, ya tare babbar wuta. Ranar da ya gaji ya buɗe wa wutar hanya, siririyar wayar matatar za ta ƙone nan take. Abin takaicin shi ne yadda ɓarnar ke yaɗuwa: mai rediyo ya ji shiru, sai ya murɗa BANDWIDTH zuwa na gaba ya ji ko can da magana, ita ma ta ƙone, ya sake murɗawa. Kafin ya farga ya kashe duka huɗun da hannunsa. Kafasitan da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba ya cinye abin da ya fi komai tsada a rediyon. Don haka ko C553 ya auna lafiya, a cire shi, a sa sabo mai ɗaukar bolt 600. Wurin a matse yake, ka saka wa ƙafafunsa rigar roba don kada su taɓa maƙwabta.

Tunda sashen yana hannunka, ka dubi sauran kafasitocin takarda masu jikin roba, ruwan ƙasa ko baƙaƙe, masu zoben launi. Sukan tsage a tsaye, danshi ya shiga, su fara yoyon wuta. Ni a ganina duk a canza su, ɗaya bayan ɗaya: ka cire ɗaya, ka sa madadinsa, ka duba da zane, sannan ka matsa gaba. Wanda ya cire goma a lokaci guda zai zauna yana cacar inda kowanne yake. Waɗanda ke cikin gwangwanin ƙarfe da bakin gilashi galibi suna da rai, a bar su. Na maika da na tangaran ma kada a taɓa su sai an kama su da laifi, musamman waɗanda ke cikin da'irar saiti.

A sashen sauti abu uku ne. C603 da C606 manyan gwangwanaye ne da ake sokawa a soket kamar bawul. Na farko kafasita uku ne masu 30 maikrofarad, na biyu guda biyu masu 45. In ka ga farin gari ko danƙo a gindinsu, sun gama. Masu son rediyon ya zauna da kamanninsa sukan yanke gwangwanin, su kwashe cikin, su zuba sababbi masu 33 da 47 na bolt 350 ko sama, su mayar da murfi. Na ukun shi ne C609, ɗan ƙarami a kan allon da ke ƙarƙashi. Ruwan da ke cikinsa asid ne, in ya tsiyayo yakan ci allon da ƙafafun abin da ke kusa. Cire shi, goge wurin sosai, sa mai 10 maikrofarad, ka kula da ƙafar da ke fos da wadda ke nagetif.

Rasistocin kabon kuwa da tsufa ƙimarsu hawa take yi. Ka bi su da mita. Wanda ya zarce abin da launinsa ya ce da kashi 20 cikin ɗari, ko ya yi baƙi, ko ya kumbura, a sauya.

Mataki na huɗu: giya

Nan ne aikin yake da daɗi, nan ne kuma ake ɓata shi. Kama KILOCYCLE CHANGE ka murɗa a hankali, bayan ka tabbata DIAL LOCK a sake yake. Lafiyayyen rediyo da yatsa biyu ake juya shi. In ya yi tauri, kada ka sa ƙarfi; tsohon giris ne ya daskare ya zama kamar ƙaro.

Leƙa sama yayin da kake murɗawa. Za ka ga sanduna suna hawa suna sauka, kowace tana ɗauke da 'yan sandunan baƙin ƙarfe da ke nutsewa cikin koyil. Shida daga ciki na zangunan RF ne: rabin megahaz zuwa 1, 1 zuwa 2, 2 zuwa 4, 4 zuwa 8, 8 zuwa 16, 16 zuwa 32. Kowace sanda tana bin gefen wani faifai mai tudu da kwari, sifirin yana jan ta ƙasa. In ɗaya ta maƙale a sama, zangonta ya kurumce ke nan, ko da duk bawul ɗin sababbi ne.

Ana iya wanke giyar ba tare da an wargaza ta ba, kuma ga mai farawa shi ne shawarata. Jingina rediyon yadda dattin zai zuba waje maimakon ciki, shimfiɗa tsumma, ka riƙa diga kananzir da buroshi kana murɗawa, har ruwan ya daina fita baƙi. Wasu giyoyin biyu ne a manne, da ɗan sifirin a tsakani, an yi su haka don kada a sami lilo in an juya baya. Ka tabbata ɓarin biyu suna motsi a kan juna. In sun manne, tasha za ta riƙa zuwa a lamba daban dangane da ta inda ka fito mata. Bayan ya bushe, ɗigon mai mara kauri a kowane bakin shaf da kan 'yan tayoyin sanduna ya wadatar. Kada a cika giris. A ƙasar da ake hunturu da ƙura, giris mai yawa tarkon yashi ne, shekara guda ya zama abin da zai riƙa cin haƙoran tagulla.

Sandunan za ka iya ɗaga su ka goge hanyarsu, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma kada 'yan sandunan baƙin ƙarfen su musanya gida, don na kowane zango haɗinsa daban ne. Suna da saurin karyewa.

Ga yadda za ka san giyar tana kan daidai. Sa MEGACYCLE CHANGE a 07, ka murɗa kilohaz har ya wuce 999 ya nuna +000. A wannan wuri tsinin kowane faifai ya kamata ya fuskanci layin da aka zana masa a jikin ƙarfe. In duk sun dace, ka gode wa Allah ka bar ƙullunan giya yadda suke. In ɗaya ya kauce, sau da yawa ƙullinsa ne ya tsage saboda wani ya taɓa ɗaure shi fiye da kima. Shi kaɗai za ka gyara.

Makunnan da ke da faya-fayai a goge bakinsu da ɗan auduga da ruwan wanke makunni, kaɗan. Fesa mai a ko'ina, yadda ake yi wa injin babur, yana jiƙa faifan ya mai da shi hanyar wuta.

Mataki na biyar: kunnawar farko

Mayar da sassa, ka duba kowace igiya ta koma ramin da ke da lambarta. A baya akwai makunnin OVENS, ka sa shi a OFF. Murhunan nan an yi su ne don ɗumama kiristal da PTO a wurare masu tsananin sanyi. A wajenmu ba abin da suke ƙarawa sai cin wuta da dafa kayan ciki. Haɗa sifika a LOCAL AUDIO, amma ka sani mafitar om 600 ce, sifikar gida kuwa 4 ko 8. Kai tsaye za ka ji murya can ƙasa-ƙasa, ka zaci rediyon ne ba shi da lafiya. Ana sa ƙaramar taransifoma a tsakani, irin ta layin lasifikar masallaci tana yi.

Kada ka ba shi wuta gaba ɗaya. In kana da taransifoma mai murɗawa, ka hau da ita sannu a hankali. In babu, ka jera kwan fitila mai zare, na wat 100 zuwa 200, a kan waya ɗaya tsakanin soket da rediyo. Kwan zamani mara zafi ba ya wannan aiki, sai tsohon mai zare. Da ka kunna, kwan zai yi haske sannan ya dushe. In ya tsaya da haske tar, akwai inda wuta ke gajarce hanya, kashe nan da nan. A cikin rediyon akwai wuta sama da bolt 200 a wurare da dama, kuma kafasita na riƙe ta bayan an kashe. Hannu ɗaya a aljihu, takalmi a ƙafa, kada a yi aikin a kan siminti mai danshi.

Dubi bawul ɗin cikin duhu-duhu. Kowanne ya nuna ɗan jan zare, 0A2 kuma ya yi haske mai ruwan shuɗi-ja, wannan daidai ne, aikinsa ke nan. Wanda kansa ya yi fari fat iska ta shige shi. Akwai kuma 3TF7 a sashen IF, wanda ba bawul ba ne na gaskiya, zare ne da ke daidaita wutar da ke ɗumama bawul biyu, na PTO da na BFO, wato da'irar da ke haɗuwa da sigina ta ba da fito. In ya tsinke, biyun nan za su mutu, rediyo ya yi shiru a kowane zango. Yana da wuyar samu da tsada. Mafita sananniya ita ce a sa 12BA6 a gurbin bawul biyun, a cire 3TF7, a haɗe ƙafafu biyun soket ɗinsa da zaren yake kansu da waya. Wasu kuma rasista mai kimanin om 42 suke sakawa a gurbinsa, mai jure zafi.

In ka mayar da FUNCTION zuwa OFF ka ga fitilun ba su mutu ba, ɗan makunnin da ke bayan maɓallin ne ya manne, ciwo ne da aka san shi da shi. Kuma kada ka saba barin sa a STANDBY na dogon lokaci, domin a nan babbar wuta takan hau sama.

Mataki na shida: gano inda ciwo yake

Rediyon yana da abin gwada kansa. Sa FUNCTION a CAL, kunna BFO, za ka ji fito a kowane kilohaz 100. Bi zangunan duka kana rubuta abin da CARRIER LEVEL ya nuna. Wannan takardar ita za ta nuna maka hanya. In komai ƙasa da megahaz 8 ya mutu amma sama na aiki, ka nufi oscillator mai kiristal, wato da'irar da ke samar da siginar megahaz 17, da mahaɗin farko, bawul ɗin da ke gauraya ta da siginar tasha, domin ƙananan zanguna kaɗai ke bi ta nan. In megahaz ɗaya ko biyu ne suka yi shiru a tsakiyar masu rai, kiristal guda ne a sashen kiristal ko ƙafarsa ta yi tsatsa. In rukuni ne cur, misali 4 zuwa 8, koma kan sandarsa da koyil ɗinta. In ko'ina a raunane yake, sai a fara musanya bawul, ɗaya-ɗaya, daga 6DC6 na bakin eriya da 6C4 guda uku. Wanda ka canza ba ka ga bambanci ba, mayar da tsohon.

Mataki na bakwai: saiti

Sai rediyo yana magana a kowane zango ake zancen saiti, kuma sai da janaretan sigina. Wanda ba shi da shi ya tsaya a nan, rediyon zai yi masa aiki hakanan. Murɗa sukurorin koyil da kunne ɓata saitin da aka yi a ma'aikata ne kawai.

Bar shi ya yi zafi kamar awa guda. Fara da PTO: zagaye goma cif ya kamata ya ba da megahaz ɗaya, daga 3.455 a kan 000 zuwa 2.455 a kan +000. Da tsufa tazarar takan canza. Ka daidaita fito a 000 da ZERO ADJ, ka tafi +000 ka ga da kilohaz nawa ya kauce. In ɗaya ne ko biyu, ni dai zan ƙyale shi. In ya yi yawa, akwai ɗan koyil na gyaran ƙarshe, L701, a bayan wani murfin sukuru. Kaɗan-kaɗan ake juya shi ana komawa ana dubawa. Buɗe gwangwanin PTO kansa ba aikin ranar farko ba ne.

Daga nan sai IF, sai IF masu motsi, sai RF, a wannan jeri, mita tana kan DIODE LOAD, kana rage siginar janareta don awon ya tsaya wajen bolt 7 nagetif. A kowane rukunin RF ƙa'idar guda ce: ana daidaita 'yar sandar baƙin ƙarfe a ƙasan zango, ƙaramin kafasita mai murɗawa kuma a samansa. A rukunin farko, misali, kilohaz 550 da 950. Gyaran ɗaya yana taɓa ɗayan, don haka sai an yi ta kai da komo har su daina motsi. Kafasitan da ya ƙi juyawa kada a tilasta shi, tangaran ne.

Eriya da zaman yau da kullum

Ramukan eriya biyu ne a baya. Mai ƙafa biyu, na om 125, shi ne ke bi ta cikakkiyar da'irar saiti, kuma ya fi ba da sakamako: ƙafa ɗaya zuwa jikin rediyo, ɗayar zuwa eriya. Waya mai tsawon mita 15 zuwa 20 a sama, nesa da wayoyin wuta da cajar waya da inbata, ta isa ka ji tashoshin mita 49, 31, 25 da 19. BANDWIDTH a kan 8 ya fi daɗin sauti in tashar ita kaɗai ce, 4 in akwai cunkoso. Don jin masu magana ta SSB, wata hanyar aika murya da rediyon gida ba ya iya fitarwa sarai, rage RF GAIN, ƙara sauti, kunna BFO ka murɗa shi har muryar ta daina ƙwaƙwazo. Da hadari ya taso, zare eriya.

Zafi ne babban abokin gabarsa a nan. Kada a rufe shi cikin kabad, a sa ƙaramar fanka tana jan iska daga sama, a lulluɓe shi da zane in ya huce saboda ƙura. In wutar unguwarku mai hawa da sauka ce, ko kuna kan janareta, a bi da shi ta sitabilaiza mai ɗaukar aƙalla wat 500, a kuma riƙa kunna shi ko sau ɗaya a mako lokacin damina don danshi ya fita daga koyil da taransifoma.